Ɓari Na Yi, Aka Kai Ni Gaban Jandarma

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda wannan labari ya iso gare shi. Ina roƙo a sakaya sunana, ko da yake na san mutanen unguwarmu a Matameye za su gane ni tun kafin su kai tsakiya. A shekarun da zan ba da labarinsu ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, mace ɗaya babba da maza biyu, ina zaune a gidan su mijina tare da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ba yabon kai ba, ranar kasuwa har daga Dawce da Yauri ake aiko da kwalabe gidanmu. Lakkol ɗina, wato makarantar boko, ba ta yi nisa ba, Faransancin da na tsira da shi bai wuce gaisuwa da ƙirge ba. Amma Allah Ya ba ni baki. Ni ce mai sa dariya a gidan suna, ni ce mai tsokanar amarya a gidan biki, in na yi shiru a taro sai an tambaya ko lafiya.

Maigidana mutum ne shiru-shiru, ba ya faɗa, ba ya yawan magana, mun shekara goma sha wani abu bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Da an gama ɗaure hatsi an zuba a rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya nufi kudancin Najeriya, inda yake da teburin shayi da burodi a bakin wata tasha, ba mu sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Haka yawancin mazan unguwarmu suke. In ya tafi, ƙaninsa ke kula da gida. Shi wannan ƙanin nasa ya yi kolej bai samu jarrabawar fita ba, amma kullum rediyo na manne da kunnensa, in yana magana sai ya riƙa barbaɗa Faransanci kamar gishiri a miya. Muna kiransa Mushe, yadda ake kiran malaman lakkol, ni kuwa da yake abokin wasana ne nakan tambaye shi wane mushen, na cikin aji ko wanda ungulu ke sauka a kansa. Yakan yi dariya ya ce matar yaya ba ta da dama. Ban taɓa jin yana da mugun nufi a kaina ba, kuma har yau ban ce yana da shi ba.

A shekarar da abin ya faru, tun kafin maigida ya tafi na ga ɓatan wata, amma ban ce masa komai ba. Matan garinmu sun san dalili. A wurinmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, ana barinsa ne har ya fito kowa ya gani, saboda kunya da kuma tsoron bakin mutane. 'Ya'yana uku duk haka na yi cikinsu, sai dai su da damina suka bayyana, yana gida ya gani da idonsa. Wannan karon na ce a raina zai dawo ya tarar na yi nauyi in yi masa dariya. Ko da yakan kira ta salular ƙaninsa, wato wayar hannu, a tsakar gida ake miƙo mini ita, Inna na zaune a kan tabarma tana jin kowace kalma, to ta ina zan fara? Ana nan sai zazzaɓi ya kama ni, mai zafi, irin mai sa haƙora su yi ta haɗuwa. Na yi abin da kowa ke yi, na dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, na sha na yi surace, na koma kan aikina, domin gyaɗar mutane na hannuna.

Wata safiya ina tsaye a kan turmi ina matsar mai na ji marata ta ƙulle, kafin in kai ɗaki jini ya sauko har dunduniyata. Maƙwabciyata ce ta ji kirana ta katanga, ta nemo mai amalanke, Mushe ya biyo mu a babur zuwa matanite, inda mata ke haihuwa. Saj-fam, wato ungozomar likita, ta duba ni ta ce mini da Hausa, a hankali, in yi haƙuri, cikin ba zai tsaya ba, za a jira ya fita, in bai fita duka ba a yi mini wankin ciki. Sannan ta leƙa ƙofa ta kira abokin aikinta ta gaya masa halin da ake ciki da Faransanci. A cikin maganarta akwai wata kalma da ban sani ba, abortama. Ni ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan. Mushe kuwa yana tsaye a baranda, kuma shi ya san ta, ko in ce ya san rabinta.

Sai daga baya aka fahimtar da ni. Mu Hausawa kalma biyu gare mu, ɓari wanda Allah ke kawowa, da zubar da ciki wanda hannun mutum ke yi. Su likitoci a Faransancinsu kalma ɗaya ce ke ɗauke da duka biyun, sai an ƙara mata wata a baya ake gane wanne ake nufi. Shi Mushe a rediyo ya san ta, inda ba a ambatonta sai tare da kotu da gidan kaso. Bai tambayi kowa ba. Ya zagaya bayan katanga ya kira yayansa ya ce masa likita ta faɗa da bakinta, matarsa ciki ta zubar. Ku auna yadda maganar ta sauka a kunnen mutumin da ya bar gida watanni bai san da wani ciki ba. Tambaya ɗaya ya yi, cikin wane ne, kuma babu mai ba shi amsa. Nan take, da hantsi, ya ce ya sake ni saki ɗaya, har ya sa aka miƙa wa mai amalanke salular ya maimaita masa don ya zama shaida. Ni ina ciki ina murƙususu ina kiran sunan Allah, a zatona har yanzu matar aure ce ni. Sai bayan azahar abin ya fita aka yi mini wankin.

Abin da ya fara nuna mini akwai magana shi ne kunu. A garinmu mace ba ta kwana a likita, wato asibiti, ba a kawo mata kunu daga gidan miji ba, amma har gari ya waye babu wanda ya leƙo ni. Gwaggona ce ta zo, yayar mahaifina, tsohuwar ungozoma wadda yaran unguwa da iyayensu a hannunta suka faɗo. Ta ɗaure mini zane ta ce gidan Baba za mu. Na ce 'ya'yana fa, ta ce in dai tashi. Sai da ta kwantar da ni a ɗakinta ta ba ni abu mai zafi na sha, sannan ta gaya mini komai ba ta rage ba. Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba ko da mahaifiyata ta rasu, kuma ban san wanne nake yi wa ba, ɗan da na rasa ko auren.

Ban gama miƙewa ba sammaci ya zo daga jandarma. Inna da Mushe ne suka kai ƙara, har da tukunyar da na dafa bedi suka ɗauka a matsayin shaida. Ban ga laifin Inna sosai ba, a ganinta ko dai an kashe mata jika ko an ɓata wa ɗanta gida, kuma ko wanne ne tana so a yi hukunci. Tsoron da ya kama ni kuwa yana da asali. Ina yarinya na ga an fito da wata budurwa daga unguwarmu, da ita da matar da ta ba ta magani, aka sa su a bayan mota, mu yara muna bin motar da ihu ba mu san me muke yi wa ihun ba. Ta yi shekaru a gidan kaso, da ta fito ba ta sake zama a garin ba. Gwaggo ta ce wannan doka da ta hana zubar da ciki ta girme ni, ta girmi Babana ma. Nasara ne suka zo da ita, da za su tafi suka bar ta a kan teburin alƙali, mu kuma muka ci gaba da aiki da ita. Kafin nan, in ji ta, irin wannan magana a hannun tsofaffi da malamai take ƙarewa. Ta ce lokacin da ta fara aikin ungozoma, macen da jini ya ɓalle wa mijinta ba ya gari, gwamma a kwantar da ita a ɗaki a ja ƙofa da a kai ta likita a fara yi mata tambayoyi, kuma ita da hannunta ta wanke gawar wasu daga cikin waɗanda aka ja wa ƙofar. Ta ce ta ji ana cewa an yi wa dokar gyara, amma ita ba ta san inda gyaran ya tsaya ba.

Baba ne ya raka ni, yana dogara sanda, tsoho mai ciwon gwiwa wanda bai taɓa taka ofishin jandarma ba tunda aka haife shi. Kwamandan bai yi mini tsawa ba, amma da duka ya yi mini da ya fi sauƙi a kan tambayoyinsa. Yaushe na ga al'adata ta ƙarshe, yaushe mijina ya tafi, waɗanne maza ke shigowa gidan sayen mai, me ya sa na ɓoye cikin in dai na mijina ne. Duk a gaban mahaifina. Ni mai bakin nan sai ga ni ina inda-inda kamar mara gaskiya, domin amsar ita ce kunya, kuma kunyar ce dai ta riƙe mini harshe. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi, har yau in na tuna wuyansa a sunkuye sai zuciyata ta yi zafi. Kwamandan ya ce tunda an kawo ƙara dole ya bincika, domin zubar da ciki da gangan har gobe laifi ne a ƙasar nan, da mai cikin da wanda ya taimaka mata duk ana ɗaure su. Amma ya ce ba zai rufe ni a kan tukunyar ganye ba sai ya ji ta bakin likita, ya damƙa ni a hannun Baba muka koma gida.

Da aka sake kiranmu, likita ya zo da kansa tare da saj-fam, Inna da Mushe suna zaune a gefe. Kafin ya ce komai a kan jikina sai da ya nemi izinina, abin da ya ba ni mamaki, don tun da aka fara maganar nan babu wanda ya tambaye ni me nake so. Ya ce ɓari ne, zazzaɓin cizon sauro ne ya ci ƙarfina har ya taɓa cikin, kuma girman abin da ya fita ya nuna cikin ya shiga tun maigida yana gari. Saj-fam ta maimaita kalmarta, wannan karon da wutsiyarta, ta fassara ta da Hausa tsaf. Ban kalli Mushe ba, amma na ji kujerarsa ta yi ƙara. Likitan ya ƙara da cewa doka ba inda kakanninmu suka bar ta take ba. An yi wata sabuwa a kan lafiyar haihuwa shekaru da suka wuce, wadda ta ba likitoci dama su cire ciki in zai halaka uwar ko in ɗan yana ɗauke da mummunar cuta, kuma duk macen da ta zo musu da jini aikinsu shi ne su ceci ranta tukuna. Ya ce abin da ke damunsa shi ne an yi gyaran a Yamai, amma tsohon tsoron yana nan daram a cikin gidaje. Kwamandan ya rufe magana ya ce in tafi, ba ni da laifi. A waje na tambayi likitan ko bedin da na sha ne ya jawo, ya ce ba zai ɗora masa ba, amma da na zo musu tun farkon zazzaɓin da wataƙila cikin ya tsaya. Wannan amsar ina ɗauke da ita har yau.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Ashe labarin shigata ofishin jandarma ya zaga gari a yini ɗaya, labarin fitata kuwa bai wuce mutanen da ke cikin ɗakin ba. Inna da Mushe suka ja bakinsu suka yi shiru, ba su sake cewa na yi ba, ba su kuma ce ban yi ba. Kwalabe suka daina zuwa. In na shiga gidan suna sai hira ta mutu, wata ma na ga ta janye jaririnta ta mai da shi ɗaya cinyar da na zauna kusa da ita.

Maigida bai jira damina ba. Da ƙaninsa ya kira shi ya gaya masa abin da likita ya ce, sai ya bar teburinsa a hannun wani ya kamo hanya. Ya zo zauren Baba a rame, ya ce ya mai da ni, tunda saki ɗaya ne kuma a lissafinsa idda ba ta cika ba. Baba ya ce a kira Malam limamin unguwa. Malam ya ji bayanin kowa, sai ya tambayi lokacin da aka furta sakin da lokacin da cikin ya fita. Mai amalanke ya shaida cewa da hantsi ne, ni kuma na ce bayan azahar. Malam ya ce iddar mai ciki ita ce ta sauke abin da ke cikinta, ko haihuwa ce ko ɓari. Ke nan iddata ta fara da hantsi ta ƙare kafin la'asar, ina kwance ban ma san an sake ni ba. Ya ce babu kome a nan, wato miji ba ya da damar mai da ni ɗakina da baki kawai. In yana so na sai ya nema kamar kowa, da yardata, a sake ɗaura aure.

Ina son mijina, ba zan ɓoye ba, kuma 'ya'yana suna gidansa. Amma da Baba ya tambaye ni, na ce ina da sharaɗi ɗaya. Sharaɗin shi ne, bayan sallar la'asar maigida ya tashi a ƙofar masallacin unguwa ya faɗa da bakinsa cewa ɓari na yi, cikin nasa ne, ƙaninsa ne ya ji magana bai gane ba. Ya zo da kansa ya same ni a zaure, hawaye na zuba, ya kira ni da maman su kamar yadda ya saba, ya ce shi ya san gaskiya Allah ma Ya sani, me zai sa a tona mahaifiyarsa da ƙaninsa a bainar jama'a. Ya ce in koma ɗakina, komawar kaɗai za ta rufe bakin mutane. Na ce masa ni a bainar jama'a aka tona ni, kuma in na koma a haka cewa za a yi ya yafe mini, ni kuwa ban yi abin da za a yafe ba. Gwaggo ta ce in sassauta, 'yar nan, Baba ya ce shi ba zai tilasta ni ba. Na kafe, shi kuma ya kasa. Kowannenmu na jiran ɗayan ya sauko, har damina ta zo ta wuce, aka ɗaure hatsi, ya ɗauki jakarsa.

Yau shekaru sun ja. Baba da Gwaggo sun riga mu gidan gaskiya, uban 'ya'yana ya yi wani auren, ni ina nan gidanmu, sana'a ta ɗan dawo. 'Ya'yan a gidan ubansu suka tashi, suna zuwa mini ranar da babu lakkol, kuma ban taɓa yi musu wannan magana ba, don a ganina uwa ba ta zancen ciki da jini da 'ya'yanta. Bana autana, wanda ya fara zama saurayi, ya zo mini da leɓe a fashe, ya yi faɗa da wani da ya zage shi da uwarsa. Na zuba masa tuwo ya ci, sannan ba tare da ya ɗago kai ba ya tambaye ni ko da gaske ne na kashe ƙaninsa. Na ajiye kunya na gaya masa komai, tun daga turmin mai har ɗakin kwamandan. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce shi tun yana ƙarami ya ɗauka gaskiya ne, babu wanda ya taɓa ce masa ba haka ba ne, kuma babu sallar da yake yi bai roƙa mini gafara ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ko sharaɗin da na kafa daidai ne ko girman kai ne, har yau ban yanke ba, wata rana in ga na yi daidai, wata rana in ga na sayar da shekarun 'ya'yana don a wanke ni a ƙofar masallaci. Abin da na tabbatar shi ne shirun da muke kira kunya ya cuce ni sau biyu, da na ɓoye wa mijina cikinsa, da kuma na ɓoye wa ɗana gaskiyar uwarsa. 'Yan'uwana mata masu mazaje a ci-rani, ku faɗa musu kafin su ɗauki jaka, ko da a kunne ne, kuma in zazzaɓi ko jini ya zo kada tsoron jandarma ya sa ku ja ƙofa, dokar ba yadda aka ba mu labarinta take ba. Wanda kuma ya tsinci kalma a bakin likita, don Allah ya tambaya kafin ya taɓa salula, ku kuma maza ku riƙe saki a bakinku har ku ga fuskar matar. Ina roƙon hukuma da malamanmu su riƙa faɗa wa mutane da Hausa abin da doka ta hana da abin da ta bari, domin ƙarar da aka kai ofis ana iya rufe ta, amma wadda ta shiga gari ba ta da mai rufewa. Ni hukuma ta wanke ni tun shekarun baya, amma ɗana sai bana ya daina nema mini gafarar laifin da ban aikata ba.